Tsiron da ke ɓuya wa kyamara: ta yaya ake gane an duba babban hanji da kyau?

Maman Aisha ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga masu ilimin wannan fanni, domin abin da ya sami yayana ya hana ni sukuni. Kusan shekara uku da suka wuce, lokacin yana da shekara 52, aka yi masa binciken babban hanji da kyamara, wanda ake kira kolonoskofi. Babu wani ciwo da yake fama da shi a lokacin, shekarunsa ne kawai suka kai na gwajin rigakafi. Aka ba shi takarda cewa hanjinsa lafiya lau yake, ba a ga ko ɗan tsiro ɗaya ba, aka kuma ce kada ya dawo sai bayan shekara 10. Wata huɗu da suka wuce ya fara yawan gajiya da haki, aka auna jininsa aka ga ya yi ƙasa ƙwarai, da aka sake shiga da kyamara sai aka tarar da sankara a ɓangaren dama na hanjin. An yi masa tiyata, yanzu yana karɓar magani, muna kuma fatan sauƙi daga Allah.

Abin da nake so in fahimta shi ne, shin sankara tana iya tsirowa daga babu ta girma haka cikin ƙasa da shekara uku, ko kuwa akwai abin da yake wurin tun farko wanda ba a gani ba? Ba neman wanda zan ɗora wa laifi nake yi ba. Likitocinsa sun ce ni ma ya wajaba a duba ni, tunda uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma shekarata 47. Idan har ana iya duba mutum a tsallake abin da zai iya kashe shi, da me zan gane cewa wanda zai duba ni ya iya aikin? Akwai wani ma'auni da ake auna ingancin wannan bincike da shi, ko dai sa'a ce kawai?

Likitan Hanji ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yayanki lafiya, ya sa kaffara ce. Wannan shi ne aikina na yau da kullum, kuma zan ba ki amsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Mafi yawan sankarar babban hanji tana somawa ne daga wani ɗan tsiro a jikin bangon hanji, wanda muke kira adinoma. Tsiron bai zama sankara ba tukuna, da yawansu ma ba za su taɓa zama ba, amma wanda zai rikiɗe yakan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya kai ga haka. Wannan jinkirin ne ya sa ake ce wa wanda aka duba ba a ga komai ba ya dawo bayan shekara 10. Sai dai wa'adin yana tsaye ne a kan sharaɗi guda, wato an ga bangon hanjin gaba ɗayansa. Idan sankara ta bayyana cikin shekara uku, abin da ya fi rinjaye shi ne akwai wani abu a wurin tun farko wanda ido bai kai gare shi ba. A shekarar 2018 ƙungiyar masu binciken ciki da kyamara ta duniya ta fitar da ƙa'idar bin diddigin irin wannan lamari, inda ta ce sankarar da ta fito cikin shekara huɗu bayan bincike ana fara ɗaukarta a matsayin tsiron da aka tsallake ko wanda ba a cire shi duka ba, wadda ta wuce shekara huɗu kuwa an fi ɗaukarta sabuwa. Akwai 'yan tsiraru da ke girma cikin gaggawa, musamman a jikin masu wata larurar gado da ake kira Lynch, kuma bai kamata a manta da wannan ba a lamarin yayanki.

Yadda aka gano girman matsalar yana da sauƙin fahimta. Ana yi wa mutum bincike sau biyu a jere a rana ɗaya, a zagayen farko a cire duk abin da aka gani, a na biyu a ƙirga abin da aka bari. A 1997 Douglas Rex da abokan aikinsa a jihar Indiyana ta Amurka suka yi wa mutum 183 haka, suka tarar an tsallake kashi 24 cikin 100 na adinoma a zagayen farko. Ƙananan da ba su wuce milimita 5 ba su ne aka fi tsallakewa, kashi 27, waɗanda suka kai santimita ɗaya ko fiye kuwa kashi 6. A 2019 aka tattara sakamakon irin wannan bincike na zagaye biyu fiye da 15,000, aka samu kashi 26, har da kashi 9 na tsiron da ya riga ya soma nuna alamun haɗari. A taƙaice, kusan ɗaya cikin kowane huɗu yana kuɓucewa.

Wanda bai taɓa riƙe na'urar ba zai yi mamakin yadda haka ke faruwa. Babban hanji tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, cike yake da ninki da lanƙwasa, kuma yana motsi yayin da ake kallonsa. Kyamarar gabanta take kallo, don haka tsiron da ya laɓe a bayan ninki ba zai fito fili ba sai likita ya danne ninkin da bakin na'urar ya leƙa. Ɓangaren dama, inda aka sami ciwon yayanki, shi ne mafi wuya. Ninkinsa ya fi zurfi, ƙazanta ta fi maƙalewa a can, kuma a nan ne aka fi samun wani nau'in tsiro shimfiɗaɗɗe wanda ba ya ɗagowa, launinsa kusan ɗaya da na bangon hanji, sau da yawa lulluɓe da 'yar majina. Idan aka duba shi a madubin ɗakin gwaji, gefensa kamar haƙoran zarto yake, shi ya sa ake kiransa tsiro mai haƙoran zarto. Wani bincike da aka yi a lardin Ontariyo na Kanada, wanda aka buga a 2009, ya nuna kolonoskofi ya rage mace-macen sankarar ɓangaren hagu sosai, amma bai nuna irin wannan kariyar ga ɓangaren dama ba, kuma wannan sakamako ya girgiza masu sana'armu ƙwarai.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Akwai ma'auni, kuma ba sa'a ba ce. Ana ɗaukar duk mutanen da likita ya yi wa binciken rigakafi, a ƙirga nawa ne daga cikinsu ya gano wa aƙalla adinoma ɗaya wanda ɗakin gwaji ya tabbatar. Wannan kaso na gano adinoma shi ake taƙaitawa da ADR a Turance. Hikimar ita ce, tunda tsiron yana da yawa a jikin masu shekara 45 zuwa sama, likitan da ke samunsa a mutum 10 kacal cikin 100 ba masu lafiya ne ke zuwa wurinsa ba, tsallakewa yake yi. A 2010 Michal Kaminski da abokansa suka bi sawun mutum 45,026 da likitoci 186 suka duba a ƙasar Folan, suka ga cewa waɗanda likitansu ke da kaso ƙasa da 20 cikin 100 haɗarin sankara ta bayyana musu kafin bincike na gaba ya ninka na waɗanda kason likitansu ya kai 20 fiye da sau goma. A 2014 Douglas Corley ya duba bincike 314,872 da likitoci 136 suka yi a arewacin Kalifoniya. Kasonsu ya kama daga 7.4 har zuwa 52.5 cikin 100, likitoci ne masu takardar ƙwarewa iri ɗaya, a tsarin asibiti ɗaya. Duk ƙarin kashi ɗaya a kason likita ya zo tare da raguwar kashi 3 a haɗarin irin wannan sankara, da raguwar kashi 5 a haɗarin mutuwa da ita.

Ƙungiyoyin likitocin hanji na Amurka sun sa mafi ƙarancin kaso a kan 25 cikin 100 a 2015, wato 30 ga maza da 20 ga mata. A 2024 suka ɗaga shi zuwa 35, wato 40 ga maza da 30 ga mata. Kina da cikakken haƙƙi ki tambayi likita ko ana auna kasonsa, kuma nawa ne.

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

'Yar'uwa Maman Aisha, Allah ya kawo sauƙi. Likita ya yi bayanin abin da ya shafi idon mai dubawa, ni kuma zan yi magana a kan abin da nake gani daga inda nake tsayawa a gefen gado, domin na yi shekaru ina taimakawa a ɗakin wannan bincike.

Komai ƙwarewar likita, ba zai ga abin da bahaya ya rufe ba. Rabin aikin a hannun majinyaci yake, tun daren da ya sha maganin wankin ciki. Maganin ba shi da daɗi kuma yana da yawa, shi ya sa mutane da dama ke shan rabi su ajiye sauran, su kuma ji kunyar faɗa mana gaskiya da safe. Hanyar da ta fi tsabtace hanji ita ce a raba shi biyu, a sha kashi na farko da yamma, na biyu kuma da sassafe, awa huɗu zuwa shida kafin bincike, a gama shi aƙalla awa biyu kafin a shiga. Dalili shi ne ƙaramin hanji ba ya daina zubo ruwa mai kauri cikin dare, kuma wurin da ruwan ke fara sauka shi ne ɓangaren dama, daidai inda shimfiɗaɗɗen tsiron nan ke zama. Wanda ya shanye komai tun daren jiya yakan zo da ɓangaren hagu fes, dama kuwa shafe da wani abu kamar laka. Abin da ya kamata ki gani a fitarki ta ƙarshe shi ne ruwa garau mai ɗan launin rawaya, ba tare da gudaji ba. Idan ba haka kika gani ba, ki faɗa kafin a fara.

Akwai ma'aunin tsabta da ake kira ma'aunin Boston. Ana kasa hanjin gida uku, dama da tsakiya da hagu, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 3 bayan an gama wankewa da zuƙe ruwa. Jimilla 9 ke nan. Ana ɗaukar tsabtar ta wadatar idan kowane sashe ya samu aƙalla 2. Ki lura da kyau, jimillar kaɗai tana iya yaudara, domin 3 da 3 da 1 ya ba da 7, alhali sashe guda ba a gan shi yadda ya kamata ba.

Sai batun lokaci. Ainihin dubawa ana yin ta ne yayin janyo na'urar daga ƙarshen hanji zuwa waje. A 2006 wani bincike a kan likitoci 12 a jihar Ilinoi ya nuna waɗanda ke ɗaukar minti shida ko fiye wajen janyowa suna gano tsiro fiye da masu gaggawa nesa ba kusa ba, kuma ƙa'idar 2024 da Likita ya ambata ta mayar da shi minti takwas. Amma in faɗa miki abin da na shaida da idona, agogo kaɗai ba ya nuna aiki. Na ga wanda ya cika minti takwas yana jan na'ura a tsakiyar hanji kamar mai wucewa ta titi, na kuma ga wanda ke wanke kowane lungu, ya zuƙe kumfa, ya buɗe hanjin da iska yadda ya dace, ya sa mu juya majinyaci, sannan ya koma ya sake bin ɓangaren dama karo na biyu. Wannan na biyun yakan kuma ce mana mu sa ido a allon tare da shi, kuma ba sau ɗaya ba mu muka fara cewa a dakata, akwai wani abu a can.

Ki nemi cikakken rahoton binciken yayanki na farko. Ki duba ko an rubuta makin tsabta, ko an rubuta minti nawa aka yi ana janyowa, da kuma ko akwai hotunan da ke tabbatar da an isa ƙarshen hanji, wato hoton bakin afendis da na ƙofar da ƙaramin hanji ke shigowa ta cikinta.

Malamin Ƙididdiga ya rubuta:

Ni ba likita ba ne, aikina nazarin alƙaluman lafiya ne, kuma ina so in ɗan ja hankali, tare da girmamawa ga Likita, domin kada Hajiya ta ɗauki ADR fiye da matsayinsa.

Ma'aunin yana ƙirga mutanen da aka samu aƙalla tsiro ɗaya a jikinsu ne. Da zarar an samu na farko, makin ya shiga, ko da akwai huɗu a gaba. Likitan da ya cire ɗaya ya saki jiki da wanda ya bi ya zaƙulo duka biyar, maki ɗaya suke samu a kan wannan majinyacin. Saboda haka ne wasu cibiyoyi ke ƙara auna matsakaicin yawan adinoma a kowane bincike, wanda ya fi wuyar yi wa dabara. Haka kuma shimfiɗaɗɗen tsiro mai haƙoran zarto ba ya cikin lissafin ADR kwata-kwata, alhali shi ne ake zargi da wani kaso na sankarar ɓangaren dama. Ƙa'idar 2024 ta ware masa nasa ma'aunin, mafi ƙaranci kashi 6 cikin 100.

Matsala ta biyu ita ce yawan abin da aka ƙirga. Idan likita ya duba mutum 100 ya samu kaso 25, lissafi na nuna ainihin kasonsa yana iya kasancewa ko'ina tsakanin kimanin 17 da 33. Sai ya duba mutum 500 tazarar za ta matse zuwa kimanin 21 da 29. Don haka idan aka ba ki lamba, ki tambaya daga mutum nawa aka fitar da ita. Sannan lambar ta dogara da su wa aka duba, domin wanda mafi yawan majinyatansa dattawan maza ne kasonsa zai hau ko da idonsa bai fi na kowa ba, kuma iyakar da aka yanka bisa alƙaluman wata al'umma ba lallai ta dace da wata ba idan yawan tsiron ya bambanta a tsakaninsu.

Ma'aunin da ya fi kusa da abin da ya dami Hajiya shi ne ƙirga sankarar da ta bayyana tsakanin wata shida zuwa wata 36 bayan binciken da bai gano ta ba. A Ingila an auna wannan a faɗin ƙasa, aka ga a cikin masu sankarar hanji da aka yi wa kolonoskofi, kason waɗanda binciken bai gano tasu ba ya sauka daga kashi 9 cikin 100 a 2005 zuwa 6.5 a 2013, kuma a cikin shirin gwajin rigakafi na ƙasa, inda ake tantance likitoci kafin su shiga ana kuma bibiyar alƙalumansu, kashi 3.6 ne. Wannan bambanci shi ne hujjar da ta fi gamsar da ni cewa aunawa tana gyara aiki. Naƙasunsa shi ne sai bayan shekaru ake saninsa, kuma ya fi dacewa da auna cibiya gaba ɗaya a kan auna likita ɗaya.

Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke zana akwati a kan tsiro a allo, gwaje-gwaje sun nuna suna ɗaga ADR, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ta farko, GI Genius, a 2021. Mafi yawan ƙarin da suke kawowa ƙananan tsiro ne, kuma manhaja ba ta ganin abin da likita bai nuna wa kyamara ba. Wani nazari daga Folan a 2025 ya ma nuna cewa likitocin da suka saba da manhajar, idan suka yi aiki ba tare da ita ba, kasonsu ya sauka daga kimanin 28 zuwa 22 cikin 100.

Maman Aisha ta rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na karɓo rahoton farko daga wurin matar yayana kamar yadda Malama ta ba da shawara. An rubuta cewa an isa ƙarshen hanji, amma hotuna biyu kawai ke jiki, kuma babu bayanin ko na wane wuri ne. Babu makin Boston, sai jimla ɗaya da ke cewa tsabtar matsakaiciya ce kuma akwai ragowar bahaya a ɓangaren dama. Ba a rubuta lokacin janyowa ba. Duk da haka a ƙasa an rubuta ya dawo bayan shekara 10. Yayana ya tuna cewa bai iya shanye maganin ba saboda amai, kuma babu wanda ya tambaye shi. Tun da na karanta zuciyata ke ƙuna. Likita, shin daidai ne a ba da shekara 10 a kan irin wannan rahoto? Kuma ina tsoron kada likitan da zai duba ni ya ɗauki tambayoyina a matsayin raini.

Likitan Hanji ya rubuta:

Hajiya, idan ragowar bahayar ta kai yadda ta hana ganin bangon ɓangaren dama bayan an wanke, to binciken bai cika ba, kuma ƙa'ida ita ce a maimaita shi cikin shekara ɗaya. Wa'adin shekara 10 na wanda aka ga hanjinsa sarai ne. Kalmar matsakaiciya ita ce ainihin abin da ya sa aka ƙirƙiro ma'auni mai maki, domin kowa da abin da yake nufi da ita, kuma tana barin likita ya rufe fayil ba tare da ya yanke hukuncin ko ya gani ko bai gani ba. Ina ganin ya dace iyalinku su sanar da cibiyar da ta yi binciken farko a rubuce. Sau da yawa majinyaci yakan je wani wuri ne a gano masa sankarar, likitan farko kuma ya ci gaba da aikinsa bai taɓa jin labari ba, don haka babu abin da zai sa ya sauya hannu. Ni kaina an taɓa dawo mini da irin wannan labari a kan wani da na duba, na kwana ina juya hotunan, kuma tun daga ranar ban sake fita daga ɓangaren dama ba tare da na bi shi sau biyu ba.

Na yarda da gyaran Malam gaba ɗaya, sai dai zan ƙara cewa lamba mai naƙasu ta fi rashin lamba. Kaminski ya sake bin likitocin Folan a wani bincike da aka buga a 2017, ya nuna waɗanda suka ɗaga kasonsu majinyatansu sun samu raguwar haɗarin sankara da na mutuwa. Likitan da ya san kasonsa yana nufin akwai mai ƙirgawa a cibiyarsa, kuma mai ƙirgawa ba ya jin haushin tambaya. Idan kika tambaya cikin ladabi aka ɓata rai, wannan ma amsa ce, kuma kina iya neman wani wuri.

Abu biyu suka rage da suka shafe ki kai tsaye. Ki tambayi likitocin yayanki ko an gwada naman da aka cire don neman alamar larurar Lynch, domin sankarar ɓangaren dama a ɗan shekara hamsin da 'yan kai tana cikin waɗanda ake zargi, kuma idan ta tabbata, ke da sauran 'yan'uwanku da 'ya'yansa za ku buƙaci gwajin gado, wanda aka samu yana ɗauke da ita kuma akan duba shi duk shekara ɗaya zuwa biyu. Idan babu ita, kasancewar an gano ciwonsa kafin ya cika shekara 60 ya sa ƙa'idar da aka fi bi ta ce 'yan'uwansa na jini su fara tun suna shekara 40 su kuma maimaita duk shekara biyar, ko da ba a ga komai ba. Ke kin wuce 40 da shekara bakwai, saboda haka kada ki jinkirta. Ki nemi a raba miki maganin wankin ciki biyu, ki sanar da su tun da wuri idan amai ya taso miki domin a ba ki abin da zai kwantar da shi, kuma kafin ki bar wurin ki karɓi rahoto mai makin tsabta na kowane sashe, da lokacin janyowa, da hotunan ƙarshen hanji.